Ruwan Jegon Yaya

Shekarar da malamanmu suka shiga yajin aiki na dawo gida Mabai da bazara, na tarar Yaya, wadda nake bi, ta zo wankan haihuwar fari. A wajenmu mai jego takan yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har ta yi arba'in, kuma mijinta ne ke kawo itacen. Ya kawo amalanke guda ranar suna. Ko rabin kwanakin ba a ci ba, tulin da ke jingine da katanga ya koma iya gwiwa.

Itace a daji yake, dajin kuwa ya daina shiguwa. Cikin waɗanda suka shiga akwai waɗanda har yau iyalansu ke jira. Wata rana na ji mijin Yaya a zaure, kansa a ƙasa, yana ce wa Baba in itacen ya ƙare zai ɗaura wa shanu amalanke ya shiga.

"Ba za a ce na kasa ba, Baba."

Baba bai ce ya je ba, bai kuma hana shi ba.

Daga ranar karatu ya gagare ni. In na buɗe littafi sai in rufe, in fita in dubi itacen, in dawo, in sake fita. A wannan kai da kawo ne na taka baƙin tiyon da Baba ke ban ruwan rani da shi, yana yashe a rana, ya ƙona mini ƙafa. Na wanke shi ciki da waje, na hau kwanon ɗakin Baba na naɗe shi zagaye-zagaye, na toshe bakin ƙasa da totuwa, na ɗura ruwa ta sama. Da la'asar na zare totuwar. Ruwan da ya zubo cikin bokiti ba ya taɓuwa.

Kaka, wadda ita ke yi wa Yaya wankan, tana zaune tana kallona tun safe.

"Mai gidana, mi kake nema bisa kwano kamar ƙadangare? Ko bokon ne ya hau maka kai?"

"Ruwa ne, Kaka. Na... na Yaya." Kalmar wanka ta ƙi fita daga bakina.

Ta tsoma yatsa, ta fizge da sauri.

"Da zafi kam. Amma ruwan da bai ga wuta ba, ba ya gasa mai jego. So kake sanyi ya shige ta, ta kumbura, a ce ni ce ban iya ba?"

Na ɗauki bokitin na ajiye, na sake ɗauka. Da kyar na ce, "In an ɗora shi a wuta fa, ko kaɗan ne?"

"In ya tafasa a gabana, ba ni da magana."

Inna ta juye shi a tukunya, ta tura karan dawa. Kafin karan ya cinye, ruwa ya tafasa. Wankan yamma ya daina cin itace.

Saura na safe, wanda ake yi kafin rana ta fito. Na tara ruwan yamma a jarka, na lulluɓe da buhuna, na binne cikin ƙaiƙayi. Da gari ya waye sai ɗumi-ɗumi, itace kuma yana ta raguwa. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ko ina cin tuwo idona na sama.

Sai Kaka ta fara ciwon baya. Ta ce ba ta iya sunkuyo da sassafe, a bari jikinta ya saki. Wankan safe ya koma hantsi, daga hantsi ya matsa har rana ta take, lokacin da tiyon ya riga ya yi zafi. Ni dai na gan ta da sanyin safiya tana sharar tsakar gida a duƙe.

Ana gab da arba'in mijin Yaya ya iso da amalanke da gatari, ya aiko a tambaya ko itace ya ƙare. Guntaye ne suka rage, ba su cika hannu biyu ba. Kaka ta leƙa zaure da kanta.

"Kai, mai da shanunka gida. Wa ya ce maka muna neman itace?"

Na tsaya a ƙofa har ya juya akalar shanun ya nufi cikin gari.