Tsutsotsin Ƙarƙashin Randa

Duk Ƙofar 'Yandaka an san Malam Abdurrahim Sada da koyar da kimiyya da kuma kiwon tsutsa. Mutane na dawowa daga karatun Turai da mota, shi kuwa 'yan tsutsotsi ya kwaso a faranti, waɗanda sai da madubin likita ake ganin ƙwansu. Matarsa Suwaiba takan ce, "Kiwon da ko layya ba ya yi!"

Shi dai ransa na kansu. A ƙwan tsutsar akwai wani furotin mai yanka kamar almakashi. Da ya gama aikinsa, dole wasu sinadarai su markaɗe shi a sake amfani da kayansa, in ba haka ba ya datse zaren da ke raba ƙwan biyu, ɗan tayi ya mutu. Irin tsutsotsin Malam kuwa sinadarinsu rago ne, ba ya aiki sai da sanyi, kuma ba shi da inda zai sake samo su. Ga wutar lantarki ba ta zama, balle ya sa su a firiji. Sai ya riƙa binne farantan a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar ƙofar gida.

Shekarar da soja za su miƙa mulki, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, 'yan bangar wani ɗan takara suka tsaya shan ruwa. Ƙafar shugabansu Gwadabe ta tono faranti mai rubutu a gefe.

"Malam, mi ka binne nan? Asiri ka yi wa maigida!"

"Wallahi tsutsa ce!"

"Tsutsa? Kun ji ya amsa da bakinshi!"

Suka fasa randar, suka bi farantan da gora. Malam ya fizgi guda ya cusa cikin riga, ya kifa ciki a ƙasa. Suka karya masa haƙarƙari, suka sare shi a kafaɗa, jini ya gauraye da ruwan randa, amma ko gezau. Suwaiba na ihu a zaure, maƙwabta sun kulle ƙofofi. Tsoro ba kunya.

A sume ya yini a gadon asibiti, hannunsa ƙam a ƙirji, an kasa ɓamɓare shi. Da ya farfaɗo ya sa aka kawo masa madubin. Farantin ko tsagewa bai yi ba.

Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya fashe da kuka. Babu mai motsi, babu ƙwan da ya rabu. Zafin jikinsa ya kashe su duka.