Kuɓewar Kaka a Bolari

Har yau in na ji warin kwata da damina sai in tuno gidan hayar da muka sauka a unguwar Bolari shekarar da muka baro Borno a guje. Ina 'yar firamare lokacin. Saboda dokar hana fita, da an yi magariba kowa yana gida. Sai mu kewaye murhun Kaka, mahaifiyar babanmu, a ƙarƙashin rumfar kwano, tana iza wuta tana ba mu tatsuniya da Hausarta mai gargadar Barebari.

Abu ɗaya Kaka ta fito da shi daga garinmu: irin kuɓewa, ƙulle a gefen zaninta. Ta shuka shi a lungun bayan ɗakinmu, ta ɗora gwangwanin madara a kan katanga. In an yi ruwa sai ta tsoma yatsa a ciki. In ya kai gaɓar farko ta ce Allah ya hutar da mu ban ruwa. In gwangwanin ya bushe, sai ta soka yatsan a ƙasa, ta damƙo kaɗan. Ta dunƙulu, a ƙyale ta. Ta wargaje, a ba ta ruwa.

Sai Allah ya haɗa mu da wata maƙwabciya, Maman Walida, wadda mijinta ne ya sama mana ɗakin. Ruwan wanke-wankenta, da guntun tuwo da ƙayar kifi, har wanda ta ɗauraye kashin jaririnta da shi, duk a lungun take watsawa, wai ban ruwa take wa kuɓewar, ko da kwana aka yi ana ruwa. Tana yi tana cewa taimakon 'yan gudun hijira lada ne. Wurin ya zama caɓi, ƙudaje suka tare, ganye ya yi rawaya. Kaka ta tuge guda ɗaya, saiwar ta fito baƙa, tana yauƙi, ga tsutsa. Ranar ban iya cin tuwo ba. Mama ta so ta yi magana, Baba ya ce mu baƙi ne, a yi haƙuri.

Da yammar nan Maman Walida tana bakin ƙofarta tana yanke farce, Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba. "Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya." Muka ce ta iso lafiya.

Wai an yi wata mace mai lambu, mai son a ce da ita mai kyauta, amma tana ƙyamar taɓa ƙasa saboda lallen hannunta. Duk ƙazantar da ta rage mata sai ta zuba wa lambun, ta ce ya sha albarkacinta. Ƙasa ta yi ta cewa ta ƙoshi, matar ba ta ji ba. Kaka ta ce, "Kun san dalili? Ƙasa ba ta magana da kunne, da yatsa take magana." Ƙasa ta yi ta haɗiya har cikinta ya kumbura. Ran nan matar tana tsakiyar baƙi, sai ƙasa ta amayo mata komai, har kan gadonta.

Maman Walida ta tuntsire da dariya. "Amma Kaka wannan mata an yi ƙazama!" Washegari da sassafe na ji ƙarar watsa ruwa a lungun.

Sai Kaka ta shiga lungun. Ta tono 'yan biyun da suka rage, ta dasa su a tsohon bokiti, ta ɗora kusa da gwangwaninta inda hannu ba ya kaiwa. Ɗaya ta rayu. Ba ta bari mun ci ko ɗa guda ba, sai da suka bushe a jikin uwarsu. Jikokin kuɓewar nan ne yau a bayan ɗakina a unguwar Arawa, kuma gwangwani yana nan kan katanga. Allah ya jiƙan Kaka.

Bayan na yi aure, matan islamiyyarmu suka tara kaya don waɗanda suka gudo. Ina kwance ƙullin farko wani wari ya buge ni: tsummokara, ba wanki, har da ɗankamfai mai tabo. Mai kayan tana gefe tana lissafin lada. Na gane warin nan take. Na mayar da ƙullin na ɗaure, na ce, "Hajiya, a cikinmu wa ya je ya tambaye su me suke buƙata?" Kowa ta sunkuyar da kai tana kallon lallenta.