Ranar da Ƙararrawa Ta Makara

Shekara ashirin da shida masinjan makarantar 'yan mata ya yi yana kaɗa ƙararrawa, ba a taɓa jin ta makara ba. Ƙararrawar ma ba ta a zo a gani ba ce, tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a reshen bishiya kusa da get, shi kuma yana da guntun rodin da yake maka masa. Amma agogon hannunsa kam, ko shugabar makaranta da shi take saita nata.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Minti. Kalmar nan ta minti da muka aro wurin Turawa, kowa ya mayar da ita roba, yana ja yadda ya ga dama. Tela ya ce maka minti goma, ka dawo jibi. Malami ya ce a ba shi minti ɗaya, ya cinye rabin lokacin hutu. Matar Baba ma in ta ce saura minti biyu a sauke tukunya, to ko wuta ba ta hura ba. Shi kuwa minti a wurinsa daƙiƙa sittin ne, ba ƙari ba ragi. Duk wanda ya ce masa minti biyar sai ya tambaya, "Na agogo ko na baki?" Mutumin kirki ne, amma a kan wannan batu, gaskiya, ba shi da daɗin sha'ani.

A ranakun jarrabawar fita aikinsa ya fi nauyi. Doka ta ce ƙarfe tara daidai a kaɗa ƙararrawa a rufe get, wadda ta rage a waje ta rasa takardar ranar, sai baɗi. Shi ke kaɗawa, shi ke rufewa. Iyaye sun sha roƙonsa ta tsakanin ƙarafan get, ya nuna musu agogo kawai ya juya.

A shekarar da autarsa ta zo rubuta tata, tare suka fito gida ranar lissafi. Sun ci rabin hanya ta laluba jaka, babu katin shiga jarrabawa.

"Baba, na bar shi ƙarƙashin matashi. Minti goma zan yi."

"Yi sauri," ya ce, ya wuce bakin aikinsa.

Tara saura minti ɗaya ya hango ta can ƙarshen layi, daidai shagon mai faci, tana gudu, takalmi a hannu. Ya san layin nan kamar yunwar cikinsa: daga shagon mai faci zuwa get, ko da gudu, minti biyu ne. Yarinyar aikin jinya take so, kuma babu lissafi babu maganar jinya.

Wani malami da ke tsaye kusa ya rage murya ya ce, "Baba, ba mai kallon agogo a nan sai kai."

Tara ta cika, rodi na hannunsa. Sai Baba Minti ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Auta ta shige tana haki, bayanta wasu 'yan mata biyu da bai ma lura da su ba suka afka ciki. Sannan ya miƙe ya maka wa ƙarfen rodi. Tara da minti biyu. Babu wanda ya ɗaga kai, jarrabawa ta gudana lafiya lau.

Da yamma yarinyar ta dawo tana murna, ta ce lissafin ya zo da sauƙi. Uwar ta ajiye masa abinci, ya kasa kai loma. Baƙin ciki ne ya tokare shi, kuma ba na saɓa doka ba.

"Malam, ci mana. Wa ya mutu don an ƙara minti biyu?"

"Shi ne abin da ya dame ni," ya ce. "Ba wanda ya mutu. Ko shugaba ba ta sani ba."

"To, sai me?"

Ya daɗe yana kallon kwanon. "Kin tuna 'yar mai wankin bayan kasuwa? Shekara huɗu ke nan. Hannunta na kan get na rufe. Ko dalilin makararta ban tambaya ba."

Matar ta ce, "Ai ta sake rubutawa ko?"

"Ba ta dawo ba."

"Yanzu tana ina?"

"Tana nan wurin uwarta," ya ce. "Tana wanki."