Baƙon Zaure Ya Shiga Cikin Gida

Na daɗe ina tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Marwa da Njamena, har na iya Fillanci da Larabcin Chadi da ɗan Faransanci. Da gwiwoyi suka gaza sai na dawo gida Tudun Wada, na buɗe shagon buga takardu da ɗaukar hoto kusa da kasuwa. Kwamfuta ɗaya gare ni, an raba cikinta ɓangare biyu. Ɓangarena na rufe shi da lambar sirri, can nake ajiye hotuna. Ɗaya ɓangaren kuwa na baƙi ne, kowa ya zo ya zauna ya yi aikinsa. Saboda furfurata, magidanta daga Burumburum har Ba'awa sukan kawo mini matansu in ɗauke su hoton katin shaida, abin da ba za su yarda saurayi ya yi ba.

Wata rana mai gyaran kwamfuta ya zo daga Kano, ya shaida mini cewa an gano ɓaraka a manhajar da ke aika takarda zuwa firinta. Ya ce wanda ya zauna a ɓangaren baƙi zai iya bi ta nan ya sami ikon mai gida, ba sai da lambata ba, don haka in bari a sabunta ta. Na yi dariya, na ce masa a duk ƙasashen da na zaga ɓarawo ta katanga yake haurowa, ni kuwa na cire intanet. Masu zama a kujerar nan 'ya'yan mutanen da na sani ne, kuma baƙon da aka sauke a zaure ba ya leƙa cikin gida. Ya ce Baba, na'ura ba ta san kunya ba. Ban saurare shi ba.

Bayan damina hotunan suka fara yawo a wayoyin samari, an yi musu rubutun banza a ƙasa. Har da na matar aminina, masunci daga cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garuruwansu, mutumin da muke cin tuwo a kwano ɗaya tun ƙuruciya. Ya zo shagon, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, ni ya kawo wa iyalinsa, ba kasuwa ba. Na rantse masa ban ba kowa lambar ba, gaskiya kuma na faɗa, amma me gaskiyar ta gyara? Har yau ban san wanda ya kwashe su ba, alhali da bakina na yi masa sannu da zuwa.

Na rufe shagon. Yawon duniya ya koya mini tsoron baƙuwar fuska, bai koya mini duba ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida ba. Duk mai riƙe da amanar mutane a na'ura, in an ce ya sabunta, ya sabunta tun ranar. Aminina yana wucewa ta ƙofata ranar kasuwa da kwandon kifinsa. Yakan yi sallama, don hakkin Musulunci ne, amma bai sake zama ba.