Tsohuwa Mai Lugude a Gwiwa

Haulatu, mai aiki da na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa a asibiti, tana jiran mota a tashar Daura. Kusa da ita wata tsohuwa ce zaune da zanen saƙi, tafin hannunta duk ya yi kanta, irin na wadda ta tsufa a bakin turmi.

"Iya, ina za ki?" in ji ɗan kamasho.

Tsohuwa ta buɗe baki, sunan garin ya ƙi zuwa, ga mota saura mutum ɗaya. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Dakata, ɗan nan." Sai ta shiga bugun gwiwarta kamar mai lugude, tana gyaɗa kai, leɓɓanta na motsi. Wataƙila waƙar dakansu ce ta 'yanmatanci, mai jero garuruwan da aka kai yayyensu aure.

Can ta ɗago kai. "Sandamu! Wurin 'yata Ikilima."

Kullum Haulatu tana kallon layukan ƙwaƙwalwa suna hawa da sauka a allo, ta san tuna abu yana da nasa kiɗan. Yau ne dai ta fara ganin mai kaɗa shi da hannunta.