Bistim ɗin Injin Feshi

Kawuna yana da keke mai ɗan inji, da shi yake zuwa hawasharsa, gonar da yake nomawa a bayan garin Suki. Shekarar da hanyar Sinnar ta rufe, bistim ɗin injin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikinsa, ya tsage, kuma ba a samu irinsa a kasuwa ba. Tare muka tura keken zuwa wurin bakaniken garinmu.

Bakaniken ya ciro bistim daga wani tsohon injin feshin auduga ya gwada. Faɗin ya yi daidai, amma ya ɗan fi na asali tsawo.

"Zai tashi, Baba," in ji shi, "sai dai zai riƙa yin zafi. Kada ka matsa mishi."

Kawu ya ce ai ba tsere zai yi ba.

Haka ya yi damina guda da shi. In ya kai gadar tur'a, wato magudanar ruwan ban gonaki, sai ya kashe injin, ya zauna gindin dogonyaro har ƙarfen ya huce. Manoma suka saba samunsa a can, har wata mata ta fara dafa shayi a wurin. Daga baya an samu bistim na asali an sa, amma kawu bai daina tsayawa a gadar ba.