Awon Jinin Sannu-Sannu

A masana'antar sabulu ba mai kiransa da sunan yanka. Sannu-Sannu ake ce masa, domin shekara ashirin da shida yana jan bas ɗin ma'aikata, kuma ko mai keke in ya ga dama sai ya wuce shi. Samari su yi ta yi masa tsiya daga kujerun baya, wai kafin a isa sai gemu ya fito musu. Shi kuwa ya dube su ta madubi ya yi dariya. Bai taɓa goge wa kowa ko fenti ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Kafin tuƙi, dako ya yi. Tun yana saurayi yake sauke buhunan siminti, shi ya sa har yau damtsensa ya kai cinyar wani. Ga ladabi har ya yi masa yawa. Irin mutumin nan ne da in ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Duk shekara kamfani yakan tura direbobi ɗakin shan magani a duba su. Bana da aka auna shi, jini ya nuna ɗari da saba'in kan ɗari da biyar. Aka ce ya dawo bayan kwana bakwai. Ya dawo, sai ma abin da ya ƙaru. Manaja ya karɓi makullin bas yana kauce wa idonsa, ya ce ba za a ɗora rayukan mutum arba'in a hannun wanda zai iya yanke jiki a kan sitiyari ba. An ba shi mako uku. In awon ƙarshe bai sauka ba, sai ritaya.

Bai gaya wa matarsa ba, kunya da tsoro suka hana shi. Kullum da safe sai ya saka kakinsa, ya yi mata sallama, ya nufi garejin wani bakanike abokinsa, ya zauna a kan tsohuwar taya. Ta nan bas ɗin take wucewa. In sabon direban ya sa giyar motar da ƙarfi har ta yi ƙara, Sannu-Sannu sai ya runtse ido kamar a haƙarƙarinsa aka yi. Duk maganin da aka kwatanta masa sai ya sha, tafarnuwa kuwa ya ci har bakanike ya fara matsar da kujerarsa.

Ranar awon ƙarshe ya haye benen ɗakin shan maganin da sassarfa, don kada a jira shi. Ya tarar da wata nas da bai sani ba, 'yar siririya mai tabarau, da sabuwar na'ura a kan tebur. Ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya ɗare bakin gadon duba marasa lafiya ƙafafunsa suna lilo. Ya naɗe hannun riga, ya miƙe hannun nan a sama a sanƙare, don kada ta wahala wajen sunkuyawa. Da ta ɗauko maɗaurin da ake naɗawa a damtse, sai ya ce ta bari zai riƙe mata bakinsa da ɗaya hannun, ai kullum ɓallewa yake yi in ya cika da iska.

Nas ta tsaya tana kallonsa ta saman tabarau. Ta tambaye shi ko haka aka saba auna shi. Ya ce haka ne, har da 'yar alfahari, wai shi ba ya son ba ma'aikata wahala.

Ta danne dariyarta da ƙyar. Ta zaro tef irin na tela ta auna damtsen, ta girgiza kai, ta buɗe kabad ta fito da wani maɗaurin mai faɗi da tsawo. Ta yi masa bayani a hankali: maɗaurin da ya yi wa hannu kaɗan yakan ƙara lamba, hannun da aka riƙe a sama da ƙarfi yakan ƙara, haka ƙafa mai lilo, haka surutu, haka haki. Shi kuma duk ya haɗa su. Ta tura shi ya yi fitsari, ta zaunar da shi a kujera mai majingina, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kwance a kan tebur daidai ƙirji. Ta ce na'urar za ta jira minti biyar, sannan ta auna sau uku da kanta ta fitar da matsakaici, ita kuma fita za ta yi don kada ganinta ya tayar masa da hankali.

"Baba, aikinka ɗaya ne," in ji ta daga bakin ƙofa. "Kada ka taimake ni."

"To, 'yata."

Bai taɓa ganin minti biyar masu tsawon waɗannan ba. Fanka tana juyawa, kalanda tana kaɗawa a bango. Mai shara ta wuce ta taga ta ce masa sannu, ya buɗe baki ya tuna, ya rufe, abin ya tsaya masa a rai kamar ya yi sata. Can maɗaurin ya fara kumbura. Ya matse, ya saki, bai ɓalle ba. Sannu-Sannu ya ƙura wa bango ido, ya bar hannun a yashe kamar ba nasa ba.

Da nas ta dawo ta juyo masa fuskar na'urar: ɗari da talatin da takwas kan tamanin da shida. Ta sake a ɗaya hannun, kusan haka. Likita ya duba takardar, ya ce jinin ya ɗan ɗaga, ba za a ce babu ba, ya rage gishiri, ya riƙa taka ƙasa, ya dawo bayan wata uku a sake awo irin wannan. Amma tuƙi kam, ya koma bakin aikinsa. Likitan ya sa hannu a takardar.

Da ya fito, bai wuce matakala ba. Ƙaton mutum ya zauna a kan bene yana sauke ajiyar zuciya, yana ta godiya ga Allah, masu wucewa suna ratse shi.

Da la'asar ya shiga gida da makullin bas a aljihu. Matarsa tana ninke wanki a tsakar gida. Ya ja kujera kusa da ita, ya yi gyaran murya har sau biyu, ya ce akwai maganar da ya ɓoye mata, ta yi haƙuri.

Ba ta ɗago ba. "Malam, mako uku ina wanke kakin nan babu ko ɗigon baƙin mai. Ka ɗauka ban sani ba?"

Ya tambaye ta me ya hana ta magana.

"Na ga da ƙyar kake ɗauke da abin. In na yi magana, sai ka ɗauki nawa ka ƙara." Sai a lokacin ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Sun ba ka motar?"

Ya ciro makullin ya ɗora mata a kan wankin. Ta dafe shi da tafin hannu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.